Mutumin Kirki Ko Inuwar Giginya?

A watan Satumba na 2023 wani matashi mai tuƙa Adaidaita Sahu a Kano ya tarar da ƙunshin kuɗi a bayan babur ɗinsa, naira da sefa, jimilla kimanin naira miliyan 15. Na wani ɗan kasuwa ne da ya zo sayayya daga Chadi, ya sauka ya manta. Yaron ya ji cigiya a rediyo, ya nemi mai kuɗin, ya danƙa masa abinsa. Gari ya ɗauka, aka yi ta kiransa ana yi masa kyauta. A teburin mai shayi kuwa magana ta rabu biyu. Masu furfura na cewa ashe da sauran mutanen kirki a duniya. Wasu samari na cewa wannan ai dami ya tsinta a kala ya mayar, Allah ya kawo masa mafita har cikin babur ya sa ƙafa ya shure.

Duka ɓangarorin mamaki suke yi, kuma mamakin ne ya fi damuna. Yaushe mayar wa mutum kayansa ya zama labarin da za a tara wa 'yan jarida? In har ya zama, dole mu sake tambayar kanmu wane ne mutumin kirki a yau, kuma da wane mudu muke auna shi.

Ni dai ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Mutumin kirki a wannan zamani shi ne wanda na ƙasa da shi suke kwana lafiya a hannunsa: matarsa, yaron shagonsa, mai gadinsa, wanda ya ba shi bashi ba tare da rubutu ba, da baƙon da ba zai ƙara gani ba har abada. Babbar riga da doguwar gaisuwa da sassauta murya da zaman sahun gaba duk ina son su, amma ko ɗan damfara yana iya mallakarsu cikin mako guda. Yaron nan ya shiga ma'aunina ne saboda mai kuɗin baƙo ne daga wata ƙasa, ba shi da yadda zai yi da shi, amma bai ci ba.

Za a ce mini ai ba sabon abu na kawo ba, iyayenmu sun san wannan tun kafin a haife mu. Haka ne. Wani Baturen Ingila, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a lardin Adamawa sannan ya koyar a Zariya, ya fitar da ɗan littafi a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe. Halaye goma ya tattaro: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu ɗaya a cikinsu da ya tsufa. Katangar da ke tsare su ce ta rushe.

Dubi fatauci. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro yakan yi watanni a hanya, da jakuna da dukiyar mutane, ba takarda ba banki. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da cinikin goro ya kafu kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa, kuma kuɗinsa yake ba wakilai su shiga ƙauyuka su sayo masa bisa amana. Me ya riƙe wannan tsari? Tsoron Allah, i, amma har da tsoron ido. Wanda ya ci amana a zangon Salaga ko na Kumasi, kafin ya dawo gida labari ya riga shi. Mai masauki ba zai ƙara saukar da shi ba, dillali ba zai tsaya masa ba, 'yarsa ma sai ta rasa manemi na ƙwarai. Gaskiya jari ce a lokacin, cin amana kuma karyewa ce. Yau fa? Mutum ya karɓi kaya a Kantin Kwari, ya nuna maka alat na bogi a waya, ya cire layi ya jefar, ya tashi daga Kurna ya koma Mariri, ko ya hau motar Abuja. Wa ya san ubansa a can? Saboda haka idan dattijo ya ce mini a zamaninsu kowa mai amana ne, nakan ce: Baba, a zamaninku ba a isa a ƙi ba ne. Wanda ya riƙe amana yau, alhali ƙofar gudu a buɗe take, ya fi shan wuya, kuma ban ga dalilin raina shi don ya sa ƙananan kaya ko ya yi askin zamani ba.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma baran ma a dube ta da kyau. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agusta na 1950, me ake kiran Malam Aminu Kano da mutanensa a fada da ofisoshin En'e? Marasa kunya, masu koya wa talaka raina na gaba. An yi wa 'yan NEPU bulala, an ɗaure su, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku ta fita ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Laifinsu shi ne sun ƙi sunkuyar da kai a kan zaluncin da ake yi wajen karɓar haraji da jangali da aikin tilas. Yau filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunan Malam, gidansa na Gwammaja ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, kuma tun da ya rasu a 1983 ba wanda ya nuna wani katafaren abin duniya ya ce ga abin da ya tara. To ina tambaya: a waccan shekarar, tsakanin wanda ya ga ana dukan talaka a kan kuɗin haraji ya kau da kai don ladabi, da wanda ya ɗaga murya aka ce ba shi da tarbiyya, wane ne dattijon?

A nan ne nake rabuwa da masu cewa dattako shi ne kawaici. Kawaici yana da muhallinsa, kuma ina ganin yana cikin mafi kyawun abin da muka gada. Ka ji maƙwabcinka suna sa-in-sa da iyalinsa, da safe ka gaishe shi kamar ba ka ji komai ba. Ka gane baƙonka bai ci komai ba tun jiya, ka ce a kawo abinci don kai ne ke jin yunwa. Abokinka ya karye, ka sa masa kuɗi a aljihu ba tare da kun haɗa ido ba. Ana ganin wuyan biri a ɗaure shi a ƙugu. Wannan duk rufa wa mai rauni asiri ne.

Amma mun juya abin, ya koma rufa wa mai ƙarfi. A yi wa yarinya 'yar shekara tara fyaɗe, a san wanda ya yi, sai ka ga manyan unguwa sun shimfiɗa tabarma a zauren wani. A kira uban yarinya, a ce masa abin da ya faru ya riga ya faru, in aka je wajen hukuma sunan 'yarka ne zai ɓaci, wa zai aure ta gobe, ka bar wa Allah. A tura masa ɗan abin da zai kai ta asibiti, a shafa fatiha, kowa ya kaɗe rigarsa. Asirin wa aka rufa a wannan zama? Wanda ya yi ɓarnar ya koma shagonsa, kuma unguwar cike take da wasu yaran. Haka babban wa zai danne gonar gado shekara da shekaru, ƙannensa mata da marayun ɗan'uwansa suna kallo, duk wadda ta buɗe baki a ce za ta tona asirin gida. Mutanen da ke jagorantar irin wannan sulhu ana kiransu dattawan arziki, kuma galibinsu da zuciya ɗaya suke yi. Ni ban yarda ba. Haƙuri da abin da aka yi maka naka ne, kana iya yafewa. Haƙuri da abin da aka yi wa wanda ba shi da baki ba naka ba ne da za ka bayar kyauta.

Sai mu shiga cikin gida, inda maganar ta fi nauyi. Bahaushe ya daɗe da sanin irin mutumin da nake nufi, shi ya sa ya ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Kowa ya san shi. A ƙofar masallaci shi ne mai raba wa almajirai canji, a ɗaurin aure shi ne waliyyi, a majalisa shi ke biyan kuɗin shayin kowa. Yana sa ƙafa a soron gidansa fuskar ta canza. Yara su watse, rediyo ya mutu. Kuɗin cefane a kan tabarma yake jefa su, kuɗin da ya san ba za su kai azahar ba, da dare kuma ya tambayi dalilin da miya ba nama. In matar ta yi magana, ya ce ta cika ƙorafi. In ta ƙara, sai takarda, yanzu ma ba a wahalar neman biro, saƙon waya ya wadatar. Ta kwashe yara huɗu ta koma gidan tsohon da shi ma da ƙyar yake ci, ba kuɗin ciyarwa, ba na makaranta. Ranar da wannan mutum ya rasu, maza za su cika ƙofar gida suna shaidar ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Gaskiya suka faɗa, don su ba a taɓa jin kansa da su ba. Waɗanda suka san sauran labarin suna cikin gida, kuma ba a tambayarsu.

A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II ya fito ya ce ana tsara dokar iyali da za ta taka wa wanda ba shi da halin riƙo burki wajen ƙara aure, ta kuma hukunta mai dukan mata. Aka yi masa ca. Tun 2012 gwamnatin Kano da hukumar Hisbah suke aurar da zawarawa da 'yan mata, a watan Oktoba na 2023 ma an ɗaura na mutum 1,800 da amarensu. Aikin alheri ne, ban musa ba. Sai dai gwamnati tana iya biyan sadaki, ta sayi gado da katifa, ba ta iya saya wa ango hali. A 2020, da annobar korona ta zo, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan yana da uba, kuma na tabbata da yawa daga cikin iyayen ana ganin girmansu a garuruwansu. Neman ilmin Alƙur'ani abin alfahari ne. Tura ɗan shekara bakwai wani gari da roba a hannu, ba ka san inda yake kwana ba, ba ka aika wa malaminsa ko mudun gero ba, wannan wani abu ne daban.

Na san amsar da maza ke bayarwa, na sha jin ta: ai matan ma ba mala'iku ba ne, akwai masu rashin kunya, akwai masu tatse miji, kuma harkar gida sirri ce. Duk na yarda akwai. Amma a hannun wa igiyar take? Wa ke da ikon saki? Wa ke fita da shiga ba tare da neman izini ba? Wanda aka ba ƙarfi shi ake fara tambaya. In zama ya ƙi, addini bai ce dole ba, amma ya shimfiɗa yadda ake rabuwa: ta yi idda a ɗakinta, a ciyar da ita, a ɗauki nauyin 'ya'ya. Namiji nawa ne cikin masu ɗaga murya a kan haƙƙin miji suke cika wannan?

Akwai kuma 'yan zamani da suka ɗauko nasu salon daga finafinai. A wurinsu wayayyen namiji shi ne mai buɗe wa mace ƙofar mota, mai kai fure da kek ranar zagayowar haihuwa, mai durƙusawa da zobe a gaban kyamara. Ba na faɗa da wannan, wanda ya ga zai iya ya yi, tausasawa ba ta taɓa ɓata aure ba. Abin da na lura kawai shi ne duk waɗannan ana ɗaukarsu a hoto. Tashi da tsakar dare a riƙe jariri don mai jego ta runtsa ba ya shiga Instagram.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta samari, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa: Malam, kirki ba ya biyan kuɗin haya. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi ta. Kafin nan an sha wahalar canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki yana kwana a layi. Mun ga wanda ya saci na gwamnati an naɗa masa rawani, an ba shi digirin girmamawa, malamai suna yi masa addu'a a lasifika. Mun ga malamin makarantar da ya yi shekara talatin da biyar yana aiki da gaskiya yana bin fansho har ya mutu. Wanne za mu bi?

Ba zan yi musu ƙaryar cewa gaskiya kullum tana biya a nan duniya ba. Sau da yawa ba ta biya. Yaron Adaidaita ya dace labarinsa ya fita, akwai dubunsa da suka mayar da abin mutane aka ce musu an gode kawai. Amma ku lura da abin da hujjar take nufi in aka bi ta har ƙarshe: wai kirki kayan masu hali ne, talaka an ɗauke masa. Wannan zagi ne ga talaka, kuma ido yana ƙaryata shi kullum. Je ka wajen mai shagon unguwarku ka ce ya buɗe maka littafin bashi. Ga mutum biyu, kowanne an rubuta masa taliya da sabulu da mudun shinkafa, wata ya ƙare ba su samu ba. Na farko ya daina bin layin, ya koma zagayawa ta lungu, in an kira waya ya ce wa yaro ya ce ba ya nan. Na biyu ya zo bayan sallar isha, lokacin da mutane suka ragu, ya tsaya a gefen kanta ya ce: Malam, ban manta ba, abin ne bai zo ba, ga wannan a rage, saura in Allah ya hore. Aljihunsu ɗaya, talaucinsu ɗaya. Mai shago ya san wanda zai ƙara ba wa, unguwa ma ta sani. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Kuma in za a yi wa'azin kirki, a fara da masu shi. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Alhajin da ke raba buhunan shinkafa da azumi a gaban kyamara, nawa yake biyan mai gadinsa? Mai makarantar kuɗi da ke karɓar na iyaye a farkon zango, me ya sa malamansa ke bin albashin wata biyu, albashin da sau da yawa bai kai rabin wancan ba? Yaron da ya yi shekara goma yana buɗe shago yana rufewa a kasuwar Singa, da alkawarin wata rana ubangida zai buɗe masa nasa, me ya sa sai lokacin ya matso ake gano wai yana da ɗan hali? Kyauta tana da daɗin yi, ana gode maka, maroƙa su ambace ka. Biyan haƙƙi ba mai yi maka kirari, don abin da ka bayar dama ba naka ba ne. Shi ya sa na fi auna mutum da shi.

Waya kuma ta buɗe wani fagen da kakanninmu ba su sani ba. Da, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma kasuwa ta san shi. Yanzu mutum zai ɓoye a bayan sunan ƙarya a Facebook ko TikTok ya zagi sa'ar mahaifiyarsa, ya ajiye waya ya tafi masallaci. Saurayi ya ɓata da budurwa, ya watsa hotunanta da saƙonnin da ta aika masa lokacin ana ɗasawa. Bidiyon tsiraicin 'yar mutane ya shigo zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, masu gemu da furfura, kowa ya kalla ya ce innalillahi, sannan ya tura gaba. Wanda ya goge, ya kuma ce wa wanda ya turo kada ya ƙara, shi ne namiji a zauren, ko da kuwa shi ne ƙaramin cikinsu. Hali zanen dutse ne, ba ya canzawa don an canza suna a intanet.

Wani zai ce duk wannan dogon zance ne, mutum ya riƙe salla da azumi ya gama. Ban isa in raina ibada ba. Amma kowane ɗan Islamiyya ya san mutanen Makka sun kira Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Amintacce tun kafin a aiko shi, kuma har waɗanda suka ƙi shi suna kai masa ajiya. Malamanmu kullum suna faɗa cewa haƙƙin Allah yana iya yafewa in ya so, haƙƙin bawa kuwa sai mai shi ya yafe. Masallatanmu sun ƙaru, Umara ta zama ta kowace shekara ga masu hali, amma mai gida yana tsoron ba ɗan'uwansa haya, ɗan kasuwa ya fi yarda da baƙo a kan ɗan garinsu. In ibada tana ƙaruwa amana tana raguwa, akwai inda lissafin bai haɗu ba, kuma ba daga addinin ba ne.

Inda za a gane ko da gaske muke shi ne wajen binciken aure. In an zo neman 'yarka, wa kake aikawa a tambaya? Limamin unguwa, abokan majalisa, wani babba a wurin aikinsa. Duk na nesa ne, kuma duk za su ce yaron kirki ne, ba ya shaye-shaye, ba ya wuce jam'i. Ni da za a bi tawa, a ƙara da mai shagon layinsu da yaron da ke yi masa aiki, in kuma ya taɓa aure a tura mata su sami wadda ya saka. Za a ce wannan tonon silili ne, kuma wadda aka saka ba za ta faɗi alheri ba. To kada a tambaye ta ko yana da kirki. A tambaye ta abin da ba ya buƙatar ra'ayi: a ina ta yi idda, kayan ɗakinta sun fita cikakku ko an sayar da wasu, kuma wa ke biyan kuɗin makarantar yaran yanzu.